DIGIRIN KASUWANCI GA MAI AIKI: RIBA KO FAƊUWA?

Gabatarwa

Jama'a, a 'yan shekarun nan ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun ɗauki niyyar komawa makaranta ba tare da sun bar abin da suke ci da shi ba. Akawun ƙaramar hukuma, da ma'ajin asibiti, da ma'aikacin banki, da mai shagon hatsi, kowa ya ji labarin digirin kasuwanci wanda ake yi da yamma, ko a ƙarshen mako, ko daga gida. Shi ne ake kira karatun wucin gadi. Tambayar da ke bakin mutane ita ce, shin wannan karatu yana biyan wahalarsa?

An shirya wannan ɗan littafi domin taimakon mai wannan tambaya, ya auna kansa tun bai zuba kuɗinsa ba. An ɗauki Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, a matsayin misali, saboda garuruwa ne na ciniki tun da daɗewa, kuma suna da nisa da manyan biranen da jami'o'i suka yi yawa. Abin da ya shafi mutumin Nguru ya shafi mutumin Illela, da na Jibiya, da na Mubi.

Amsar a taƙaice ita ce: karatun yana da riba ga wanda ya san ƙofar da yake so takardar ta buɗe masa, ya kuma same ta daga makarantar da hukuma ta amince da ita. Wanda ya shiga don ya ga wasu sun shiga, sau da yawa kuɗinsa da shekarunsa ne ke tafiya a banza.

Nguru da Gashuwa: inda ciniki ya riga digiri

Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru a 1930, bayan tafiyar kimanin kilomita 230, a nan kuma ta tsaya. Wannan ne ya mai da garin matattarar gyaɗa, da ƙaro, da fata da ƙirgi, da dabbobi, waɗanda ake kawowa daga ƙasar Barno da ƙetaren iyakar Nijar, a loda su zuwa Kano da Ikko. Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana bakin Kogin Yobe, kimanin kilomita 65 gabas da Nguru. Fadamun Haɗeja da Nguru suna ba wannan yanki kifi da shinkafa, tudu kuma yana ba shi gero da riɗi da ƙaro.

Waɗanda suka riƙe wannan ciniki shekara da shekaru ba su shiga jami'a ba. A gaban iyayen gidansu suka koyi awo, da sanin kaya, da riƙon amana. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma ba tare da digiri ba. Saboda haka kada wani ya ɗauka jami'a ce ke koya wa Bahaushe ko Babarbare ko Babade saye da sayarwa.

Sai dai zamani ya kawo abubuwan da iyayen gida ba su sha fama da su ba. Banki ba ya ba da rance sai ya ga lissafi a rubuce. Kwangilar gwamnati tana bukatar rajistar kamfani da shaidar biyan haraji. Mai son fitar da riɗi ko ƙaro zuwa ƙasashen waje sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, wadda aka kafa a 1976. A ofis kuma, akwai matakin da ma'aikaci ba ya wucewa sai da takarda, komai ƙwazonsa. Nan ne ilmin kasuwanci na makaranta yake shigowa.

Karatu a bakin aiki ba baƙon abu ba ne

Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe hanyar da mutum zai zauna jarrabawarta ba tare da ya zauna a ajinta ba. 'Yan Nijeriya da dama sun bi wannan hanya a zamanin Turawa, ana aiko musu da darussa ta gidan waya. Cif Obafemi Awolowo ta haka ya sami digirinsa na kasuwanci a 1944, yana nan gida yana neman abincinsa.

A Arewa, makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce ta girma ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikatan En'e da na gwamnati masu yawa sun je can sun yi kwas, sun komo bakin aikinsu da ƙarin girma.

A 1983 Gwamnatin Tarayya ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka fi sani da NOUN, domin masu karatu daga gida. An dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Abin da ya sake a yau shi ne, wayar hannu da intanet sun maye gurbin gidan waya.

Iri nawa ne karatun?

Ya kamata mai niyya ya bambanta abubuwa uku, domin ana yawan cakuɗa su.

Na ɗaya, digirin farko a fannin tafiyar da kasuwanci, ko aikin akanta, ko harkar banki. Ɗalibi na kullum yakan gama shi cikin shekara 4. Mai karatun wucin gadi yakan ɗauki shekara 5 ko 6, sai dai in ya shigo da difloma ko NCE an rage masa.

Na biyu, diflomar bayan digiri, watau PGD. Wannan gada ce ga mai babbar difloma ta HND, ko wanda ya karanta wani fanni dabam, ko wanda sakamakon digirinsa ya yi rauni. Ba ta cika wuce shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Na uku, digiri na biyu na tafiyar da kasuwanci, watau MBA, wanda aka fara shi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1908. An tsara shi ne domin wanda ya riga ya yi aiki ya san ɗacinsa da zaƙinsa. Injiniya, ko likita, ko malamin gona da aka ɗora wa shugabancin ma'aikata, shi ne ya fi cin moriyarsa. Mai son zama malamin jami'a ya lura, MBA digirin sana'a ne, jami'o'i da yawa kuma sun fi neman digiri na biyu na bincike kafin su karɓi mutum karatun dakta.

Ina mutumin Nguru ko Gashuwa zai nufa?

Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga Jihar Barno a watan Agusta na 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Yanzu akwai Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Damaturu, da ta jiha mai sunan Mai Idris Aloma a Gaidam. A wajen jihar akwai Jami'ar Maiduguri, wadda ke da cibiyar karatu daga nesa, da Jami'ar Bayero ta Kano, mai Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da sashen karatun wucin gadi, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke koyar da digirin kasuwanci da MBA ta intanet. NOUN ma tana da cibiyoyi a jihohin ƙasar nan.

Kasancewar jami'a a garinku ba ya nufin kowane kwas nata ana yinsa da yamma ko a ƙarshen mako. Izinin koyar da ɗalibai na kullum dabam, izinin karatun wucin gadi dabam. Je ka ofishin magatakardan jami'ar da ƙafarka ka tambaya, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Nisa kuma abin dubawa ne. Daga Gashuwa zuwa Damaturu tafiyar ta doshi kilomita 200. Wanda zai riƙa zuwa aji kowace Asabar a Damaturu ko Kano, ya sani zai kashe kwana biyu ko uku cikin kowane mako tsakanin hanya da aji. Karatu ta intanet yana rage wannan wahala, amma shi ma yana son waya ko kwamfuta mai kyau, da kuɗin data, da wutar caji, kuma galibi sai an je cibiya an zauna jarrabawa.

Ribar ma'aikacin gwamnati

A aikin gwamnati mai digiri yana farawa daga mataki na 08, kuma yana layin jami'ai, wanda ke kaiwa har mataki na 17, watau darakta. Wanda ya shigo da takardar sakandare ko ƙaramar difloma yana wani layi dabam, mai rufi a ƙasa da wannan. Shekaru da yawa ƙa'idar aiki ta tsayar da mai HND a mataki na 14, abin da ya tura dubban ma'aikata neman ƙarin takarda. Ga irin wannan ma'aikaci, amfanin digiri a fili yake: shi ne zai ba shi damar neman sauya layi.

Amma akwai sharuɗɗa uku da ake yawan mantawa da su.

Na farko, a nemi izini a rubuce kafin a fara. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi cewa ma'aikaci ya sami amincewar ma'aikatarsa. Wanda ya yi karatu a ɓoye, ranar da ya kawo takardar ana iya ƙin saka ta cikin fayil ɗinsa.

Na biyu, kwas ɗin ya dace da aikin da ake yi ko wanda ake nema. Ma'aikacin baitulmali da ya karanta aikin akanta ya saka kuɗinsa inda za su haihu. Ma'aikacin jinya da ya karanta kasuwanci ba zai sami ƙarin girma a layin jinya da wannan takarda ba, sai fa in sashen mulkin asibiti yake hari.

Na uku, sauya layi ba ya zuwa da kansa. Sai akwai gurbi, sai hukumar ɗaukar ma'aikata ta yarda, wani lokaci ma mutum yakan koma matakin da ke ƙasa da nasa kafin ya sake hawa. Tambayi jami'in kula da ma'aikata na ofishinku yadda abin zai kasance a kanka tun kafin ka cika fom.

A yi lissafin shekaru kuma. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da 40. Mai shekara 32 da ya fara digirin shekara 6, zai gama yana da 38, da sauran lokaci mai tsawo na cin amfaninsa. Mai shekara 52 zai gama yana da 58, saura shekara biyu. Gemu ba ya hana ilmi, gaskiya ne. To amma wannan dattijo ya shiga domin sanin da zai riƙe kasuwancinsa bayan ritaya, kada ya sa ran albashi zai mayar masa da abin da ya kashe.

Ribar ɗan kasuwa

Ɗan kasuwa ba shi da fayil da za a saka takarda a ciki, don haka ribarsa tana cikin abin da ya koya kaɗai. Ga lissafin misali, alƙaluman an ƙaddara su ne kawai domin a fahimta.

A ce wani ya sayi kwali 100 na bandar kifi a Gashuwa, kowane kwali Naira 40,000, ya kai kasuwar Kudu ya sayar a kan Naira 46,000. A ido, ribarsa Naira 600,000 ce. To, kuɗin mota ya ci 250,000. 'Yan dako da la'adar dillali da kuɗin kasuwa sun ci 100,000. Ƙwari sun ɓata kwali biyar, asarar 230,000 ke nan. Abin da ya rage Naira 20,000 ne, bayan ya jefa jarin Naira miliyan 4 cikin haɗarin hanya. In kuwa ya ba da sulusin kayan bashi na wata biyu, lokacin da kuɗin za su dawo farashin kifi ya tashi, jarinsa ba zai ƙara sayen kwali 100 ba. Ga shi kullum yana cikin ciniki, uwar kuɗi kuwa tana zagwanyewa bai sani ba.

Abin da ajin kasuwanci ke koyarwa ke nan: raba aljihun gida da na shago, rubuta shiga da fita, sanin adadin da dole a sayar kafin a fita kuɗi, ware wani abu saboda tsufan mota ko inji, auna bashin da za a iya bayarwa, da shirya takardun da banki zai karɓa. Ana kuma koyon dokar kamfani. Misali, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya tak damar yi wa ƙaramin kamfani rajista, abin da a da sai mutum biyu. Rajista tana taimakawa kasuwanci ya rayu bayan mai shi. Sau nawa aka ga babban gida ya watse ranar rabon gado, saboda lissafin duka yana kan mamaci?

Duk da haka, mai shago ɗaya ko biyu ba ya bukatar shekara shida kafin ya san waɗannan. Gajeren kwas na 'yan makonni ya ishe shi. Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, watau SMEDAN, da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, suna shirya irin wannan horo. Digiri ya fi dacewa da wanda harkarsa ta wuce abin da kai ɗaya zai riƙe: mai ma'aikata da yawa, ko mai injin casar shinkafa, ko ɗan da ake shirin miƙa wa ragamar kasuwancin gida.

Mai son aikin akanta zalla kuwa, ya duba jarrabawar ƙungiyoyin sana'ar, watau ICAN da aka kafa a 1965, da ANAN mai kwaleji kusa da Jos. A wurin masu ɗaukar akantoci, shaidarsu tana da nauyi ƙwarai.

Abin da karatun zai ci

Kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai. Ɗauki takarda ka rubuta waɗannan na shekara guda: kuɗin rajista da na jarrabawa, littattafai, data, kuɗin mota zuwa da komowa, masauki da abinci a garin da za ka. Ka ninka da yawan shekarun, ka ƙara wani abu saboda tsadar kaya da yiwuwar yajin aiki. A 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata 8. Sa'an nan ka kwatanta jimlar da ƙarin albashi ko ƙarin ribar da kake tsammani. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, bisa dokar 2024, Naira 70,000 ne a wata. Ƙaramin ma'aikaci ya duba da kyau ko abin da zai rage bayan hidimar makaranta zai ciyar da gida.

Akwai kuma abin da ba a biya da Naira. Ranar da kake aji, wa ke tsare maka shago? In ma'aikaci ne mai gona, jarrabawa tana iya faɗowa tsakiyar shuka ko girbi. Shawarci iyalinka tun da wuri, domin su ne za su yi haƙurin rashinka. Mata ma'aikata, musamman malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, karatu daga gida ya sauƙaƙa musu abin da a da nisa ke hana su, muddin maigida da dangi sun ba da goyon baya wajen hidimar yara lokacin jarrabawa.

Hattara da takardar bogi

Babbar asara a wannan harka ita ce a gama wahala a tarar takardar ba ta da daraja. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita ce ke tantance jami'o'i da kwasa-kwasansu. Kwalejojin fasaha kuwa suna ƙarƙashin NBTE, wadda aka kafa a 1977, mai hedkwata a Kaduna. A 2001 aka rufe rassan da jami'o'i suka baza a garuruwa masu nisa da harabarsu, a 2012 kuma NUC ta dakatar da karatun wucin gadi na wani lokaci domin gyara, saboda yadda aka mai da shi hanyar tara kuɗi. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Araha ba ta ado.

Saboda haka, kafin ka biya ko kwabo:

1. Tabbatar sunan jami'ar yana cikin jerin da NUC ta amince da su, kuma kwas ɗin da kake so yana da izini ta hanyar da za ka yi shi.

2. Guji ajin da aka buɗe a ɗakin haya ko makarantar firamare da sunan wata jami'a mai nisa.

3. In digirin farko ne, tabbatar shigarka ta bi ta hukumar JAMB, ko da karatun wucin gadi ne.

4. Biya kuɗi ta hanyar da jami'a ta bayyana, ka adana rasit. Kada ka zuba cikin asusun wani mutum.

5. Ka sani wanda ya gama ta hanyar wucin gadi ba a kiransa hidimar ƙasa. Takardar keɓewa hukumar NYSC ke ba shi, kuma wajibi ne ya karɓe ta ya ajiye. Saurayin da bai fara aiki ba, yake kuma son yin hidimar ƙasa, karatu na kullum ya fi masa.

6. Duk wanda ya yi maka alkawarin digiri ba aji ba jarrabawa, ɓarawo ne. Wanda aka kama da irin wannan takarda yana iya rasa aikinsa, ya kuma fuskanci shari'a.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, kafin ka sayi fom, amsa wa kanka waɗannan tambayoyi huɗu. Wane matsayi ko wace harka nake so wannan karatu ya kai ni? Na tabbatar daga bakin masu alhaki cewa takardar za ta yi aikin? Aljihuna da iyalina za su iya ɗauka har ƙarshe? Makarantar tana da izinin hukuma? In amsoshin duka sun yi daidai, shiga da ƙarfinka, kuma ka riƙa gwada darasin Asabar a kan aikin Litinin, domin wannan ita ce fifikon da kake da shi a kan ɗalibin da bai taɓa riƙe ofis ko shago ba. In ɗaya ta gaza, dakata ka gyara ta, ko ka nemi gajeren kwas da zai biya bukatarka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙasar nan tana bukatar ma'aikata da 'yan kasuwa masu iya lissafi da riƙon amana, a Nguru da Gashuwa kamar yadda take bukatarsu a Abuja da Ikko. In ka karanta wannan ɗan littafi, miƙa wa abokin aikinka, ka kuma karanta wa maƙwabcinka na kasuwa. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.